Yadda Koci Ya Ƙera wa Raƙumin Dawa Gado

Akwai wani mai walda a bakin titin da ke bayan tashar mota, wanda kowa ke kira Koci. Kada ka ɗauka ya taɓa horar da wata ƙungiya, ko akuya bai taɓa horarwa ba. Abin da ya jawo masa sunan shi ne, duk ranar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin ke wasa, yana layin gaba yana ba 'yan wasa umarni da muryar da ta saba gasa da injin yankan ƙarfe. In an ci, shawararsa aka bi. In an sha kashi, kuma yawanci kashin ake sha, to taurin kai aka yi masa. Da zolaya aka fara kiransa da sunan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya rubuta shi da jan fenti a ƙofar shago.

Allah da ikonSa, sai 'yarsa ta ƙarshe, Auta, ta auri ɗan wasan ƙungiyar, wani ɗan tsurut da ake ce wa Sauro saboda ƙanƙantarsa a cikin dogaye da yadda yake hana abokin karawa sakat. Gidansu katanga ɗaya da na Koci. Suna da 'yar yarinya da ba ta daɗe da iya magana ba, Koci yana kiranta Gimbiya. Kullum da safe sai an kawo ta ta haye cinyarsa, ta shanye masa rabin shayi, ta ja gemu. Sauran 'ya'yansa duk sun watse garuruwa, wannan jika ita kaɗai ce a kusa, kuma yana sonta kamar ransa. In ta ce ya yi shiru, shiru yake yi, abin da alƙalan wasa suka yi shekaru suna nema ba su samu ba.

Ana nan sai labari ya bazu cewa Raƙumin Dawa ya yi fushi. Shi ne dogon ɗan wasan nan na ƙungiyar Zakaru, da ke can wani birni mai nisan gaske. Kullum ana nuna shi a talabijin zaune a ƙarshen benci, tawul a ka, fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ya ce a sallame shi ya koma wata ƙungiya. Zakaru suka ce ba za su ba da shi haka siddan ba, sai dai musaya, a ba su mutum su ba da mutum. Mutumin da suka ƙyalla ido a kansa kuwa shi ne Sauro.

Kan ka ce kwabo unguwa ta rabu biyu, kuma fagen daga shi ne shagon Mai Aski, tsohon abokin Koci kuma abokin gardamarsa tun suna samari. A makon nan wanda ya shiga aski da hantsi sai rana ta take yana nan da rabin kai, don Mai Aski ba ya iya musu da almakashi a hannu. Masu son musaya suna cewa da Raƙumi za a ɗauki kofi, a daina zama abin dariyar maƙwabta. Mai Aski da jama'arsa suna cewa mutumin da ke kumbure-kumbure a inda ake ba shi komai, me zai yi a nan inda famfon ɗakin 'yan wasa sai an roƙe shi yake kawo ruwa? Suka ƙara da cewa gwiwarsa ta hagu ba lafiya, kuma in ƙwallo ta shiga hannunsa sai dai ka yi mata addu'a. Kowa ya sayi rariya, in ji Mai Aski, ya san za ta zubar da ruwa.

Koci ya bari sai da kowa ya gaji, sannan ya shigo da tabaran walda a goshi, ya ce matsalarsu ita ce suna kallon wasa amma ba su iya karanta ɗan wasa ba. Ya tambaye su ko sun lura Raƙumi yana yawan shafa wuya. Aka ce an lura.

"To gado ne," in ji Koci. "Mutum mai wannan tsawo, ƙafafunsa a waje suke kwana, wuyansa a lanƙwashe. Wanda bai yi barci ba yaya za a yi ya yi fara'a? Ku ba shi gado daidai da shi, ku ga aiki."

Mai Aski ya ce, "Da mai gyaran takalmi ne ya kalle shi, da yanzu takalmi ne ke matsa masa."

"Kai da ko kan da ke gabanka ba ka iya daidaitawa, ina kai ina maganar ƙwallo?"

Mai kan ya yi maza ya leƙa madubi. Mai Aski ya danna shi ya zauna, sannan ya juyo ya tambayi Koci ko ya san wanda ake nema a madadin Raƙumin nasa.

"Mijin 'yarka suke so. In ya tafi, da matarsa da 'yarsa zai tafi."

Koci ya yi dariya irin ta wanda ya riga kowa sanin ƙarshen labari. Ya ce wannan a bar masa. Kyaftin za su ɗauka, tsohon nan da gwiwoyinsa ke ƙara kamar ƙyauren da bai ga mai ba. Ya bugi ƙirji ya ce ranar Asabar ɗin da Zakaru za su zo wasa garin, a gaban kowa Raƙumi zai ce shi nan yake so, Sauro kuma ko nan da can ba zai motsa ba.

Kafin ya isa gida maganar ta riga shi. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta ajiye masa abinci ta zauna, ba ta ko yi masa sannu da zuwa ba. Ta gaya masa abin da Auta ta gaya mata: a ƙa'idar kwantiraginsa, ba mai iya kai Sauro wata ƙungiya sai da yardarsa, kuma ya riga ya ce ba zai je ba, ba zai raba matarsa da iyayenta ba.

"Baban Auta, kirkin yaron nan ne kawai ya riƙe mana jikarmu a nan. Don Allah ka ja bakinka ka yi shiru."

Wani mai hankali da ya ji haka sai ya gode wa Allah ya ci abincinsa. Koci kuwa matsala ya hango. In Zakaru suka kafe sai Sauro, Sauro kuma ya ƙi, musaya ta mutu ke nan, Mai Aski ya samu abin yi masa dariya har ƙarshen rayuwa. Nan take ya haɗa dabara mai ƙafa biyu. Ƙafar farko, ya ƙera gadon da zai sace zuciyar Raƙumi. Ƙafa ta biyu, ya sa Sauro ya fita daga ran Zakaru, har su ce a ba su Kyaftin. Da ya zayyana wa Inna, ta dube shi ta ce Allah Ya kyauta, ta kwashe kwanuka.

Aikin gado sai da awo, Raƙumi kuma ba ya kusa. Amma a shataletalen da ke gaban kasuwa akwai ƙaton allon talla, da hotonsa a tsaye yana riƙe da kwalbar lemo. Washegari Koci ya ɗauki tsani da tef ɗin awo, ya haye, ya auna shi tun daga tafin ƙafa har tsakar ka, jama'a sun taru a ƙasa suna ba shi shawara. Mai Aski, da ya rufe shago musamman don ya zo kallo, ya ɗaga kai ya tambaye shi ko ya lura kwalbar da ke hannun mutumin ta kai tukunyar gas girma.

"Dogo ai da babbar kwalba yake sha," in ji Koci daga sama. Ya kuma ƙara taku guda a kan awon, don ɗan wasa ya samu wurin miƙa.

Daga ranar shago ya daina karɓar aiki. Duk ƙarfen da ke ciki ya shiga gado. Mai Kemis, wanda ya ba da aikin ƙarfen taga tun watan jiya, ya zo karɓa ya tarar da tagoginsa sun zama allon kai, har an yi musu ado da kwando a tsakiya. Da ya fara faɗa, Koci ya ce ya kamata ya yi alfahari, kan Raƙumin Dawa ne zai riƙa jingina da tagarsa. Da aka zo maganar katifa, ba wadda ta kai ko rabi, sai ya kwaso ta ɗakinsu da ta ɗakin baƙi da ta tsohon ɗakin Auta, ya sa aka ɗinke su a jere. Inna ta koma tabarma. Tun daga ranar kuma miyar gidan ba ta ƙara ganin gishiri ba.

Gado ya miƙe daga wannan kusurwar shago zuwa waccan, sai an sunkuya ta ƙarƙashinsa ake isa ga injin. Mutane suna zuwa leƙe. Wani ya ce ko gada ake yi wa rafin bayan gari, wani ya ce a'a, makarar gidan ƙattai ce. Koci ya ce su yi ta yi, hassada ga mai rabo taki ce.

Saura ƙafa ta biyu. Akwai shirin wasanni da gidan rediyo ke yi da rana, inda magoya baya ke bugo waya, kuma a makon ba a maganar komai sai musaya. Koci ya tabbatar manyan Zakaru suna saurare, don a ganinsa ba su da aikin da ya wuce wannan. Ya naɗe wayarsa da ƙyalle, ya shaƙe murya, ya ce shi wani mai kishin ƙungiya ne daga wata unguwa mai nisa. Mai gabatar da shiri ya ce, "Koci mai walda, barka da rana, muna jin ka." Ashe ya manta bai kashe injin ba.

A nan ne mai rabon tsira zai ce layi ba kyau ya kashe waya. Amma Koci ya ji sunansa a rediyo, kansa ya fasu, ya yar da ƙyallen ya buɗe murya. Ya ce shi da ya san Sauro ciki da waje yana ba Zakaru shawara tsakani da Allah kada su yi asara. Yaron gajere ne, hannunsa rawa yake yi in wasa ya yi zafi, gudun da ake gani na tsoro ne ba na gwaninta ba. Ya ce don dai ƙungiyar gida tana da tausayi ne take ajiye da shi, amma zamansa da rashinsa duk ɗaya, ko ɗaukar tawul bai iya ba. Kyaftin kuwa, ai tsohuwar zuma ce da ake magani da ita. Mai gabatarwa ya tambaye shi ko ba surukinsa yake nufi ba. Koci ya ce shi a kan gaskiya ba ya duba surukuta.

Ya ajiye waya yana jin kansa kamar ya ci kofi. Ya leƙa titi don ya karɓi yabo, sai ya ga kowa ya yi tsit. Mai Aski na tsaye a ƙofar shagonsa da rediyo a hannu, ya girgiza kai ya koma ciki, ko zolayar ma bai yi ba.

Washegari ba a kawo Gimbiya ba. Koci ya zauna da kofin shayi har ya huce, yana kallon ƙofa. Can sai ga Auta ita kaɗai, idanu a kumbure. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce a ɗakin canza kaya aka kunna rediyon, a gaban duk abokan wasan mijinta, har da Kyaftin da ya riƙa tambaya wa zai miƙo masa tawul.

"Baba, me ya yi maka?"

Ya ce dabara ce, ita yarinya ce ba za ta gane ba, nan gaba mijin nata da kansa zai zo ya yi godiya. Da yamma ya ci karo da Sauro a ƙofar gida. Yaron ya rusuna ya gaishe shi kamar kullum, kansa a ƙasa, ya wuce. Koci ya shiga ya gaya wa Inna cewa ka ga ɗan wasa mai ƙwaƙwalwa, ko bayani ba a yi masa ba ya gane komai.

Ranar Asabar da safe aka kawo motar a-kori-kura, aka tara majiya ƙarfi, sai a lokacin aka gano abin da duk mai ido ya gani tun farko: gado ba zai fita ta ƙofa ba. Aka karkata shi, aka kwantar, aka cire ƙyaure, aka ja har wani ya bar fatar yatsa a bango. Koci ya ɗauko guduma zai fasa katanga, mai ginin da ya ba shi hayar shagon ya zo ya tsaya a gabanta ya ce sai dai a fara da shi. Dole Koci ya yanke gadon gida biyu, aka fito da shi titi. Yana cikin mayar da shi, ya ɗan ɗiga walda a wuri biyu ke nan, wuta ta ɗauke. Aka jira, ba ta dawo ba. Koci ya ɗauko fenti ya shafe mahaɗar, ya ce ɗigon ƙwararre ɗaya ya fi ɗinkin ɗan koyo goma.

Aka ɗora. Rabin gado a mota, rabi yana reto a baya, Koci a zaune a kan katifa yana ɗaga wa mutane hannu. A kwanar farko wutsiyar gadon ta share allon shagon Mai Aski. A ta biyu ta tafi da igiyar shanyar wata mata, zannuwa suna filfilwa, matar na biye da gudu tana faɗin abin da ba ya maimaituwa. A shataletale, daidai ƙarƙashin hoton Raƙumi, gado ya gitta ya toshe hanya gaba da baya. Motoci suka yi cincirindo ana ta danna oda. A cikin waɗanda suka maƙale har da doguwar motar da ta ɗauko 'yan wasan Zakaru, waɗanda suka yi ta gumi a ciki har aka ɗaga lokacin wasa.

Masu gadin zauren wasa suka ce ko sama da ƙasa za su haɗe wannan abu ba zai shiga ba. Amma Manajan ƙungiyar gida ya fito ya ga taron da ya biyo gado, ya ga 'yan talabijin suna ɗauka, ya tuna rabon da ƙungiyarsa ta ja hankalin kowa. Ya ce a ajiye a gefe, a gabatar bayan an tashi. Koci ya shiga ya zauna a layin gaba, Mai Aski a gefensa da guntun allonsa a hammata.

Sai a fili Koci ya fara ganin Raƙumi ido da ido. Dogo ne, ba musu, amma dogon mutane ne ba dogon allo ba. Mai Aski ya tambaye shi ko wanki ne ya sa ya tsuke. Koci ya ce nisa ne.

Aka busa usur, Sauro ya shiga kamar an ɓalle masa linzami. Bai yi wa kowa magana ba, bai dubi 'yan kallo ba. Ya fizge ƙwallo daga hannun Raƙumi, ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa, ya jefa daga nesa ta faɗa raga ko ƙarfen kwando ba ta taɓa ba. Ya miƙa wa wannan ta baya, ya miƙa wa wancan ba tare da ya dube shi ba, har Kyaftin da gwiwoyinsa sai da ya samu rabonsa. Raƙumi kuwa yana tsaye ƙarƙashin kwando da hannuwa a sama, yana waige-waige, 'yan ƙungiyarsa kowa na cin gashin kansa. Zaure ya ɗauki sowa. Koci ya manta da ƙafa ta biyu, ya haye kujera yana buga ƙirji yana gaya wa duk mai kunne cewa surukinsa ne, shi ya koya masa.

"Wanne?" in ji Mai Aski. "Wanda bai iya ɗaukar tawul ba?"

Aka tashi ƙungiyar gida ta ci Zakaru, abin da tsofaffin magoya baya suka ce ba su taɓa gani ba. Ba wanda ya fita. Majiya ƙarfi suka shigo da gado suna nishi, suka dire shi a tsakiyar fili, aka kira Raƙumi ya tsaya kusa da shi. Tun a nan dariya ta fara, don da shi da wani irinsa za su kwanta kai da ƙafa, a samu sauran wurin ajiye jaka.

Aka ba Koci abin magana. Ya gaishe da manyan baƙi, ya ba da tarihin walda, ya bayyana alaƙar gado da wuya da fara'a, ya ce garin da ya san darajar barcin ɗan wasa shi ya cancanci ɗan wasa. Sannan ya roƙi Raƙumi ya kwanta ya ji. Raƙumi ya dubi gadon, ya dubi fentin da bai gama bushewa ba, ya ce ya gode, jikinsa da gumi. Koci ya ce ba komai, bari shi ya nuna masa ƙarfin aiki. Ya ja da baya, ya sheƙo da gudu, ya faɗa tsakiyar katifa, daidai kan ɗigon ƙwararre.

Gado ya ce ƙwaras, ya naɗe. Kan gadon da ƙafarsa suka tashi suka haɗu a sama, tagogin Mai Kemis suka sarƙe da ƙarfen ƙafa, katifu uku suka haɗiye Koci, ba a ganin komai nasa sai takalmi ɗaya yana motsi. Abin maganar kuma yana hannunsa a kunne, don haka duk zauren ya ji shi ta lasifika yana salati yana kiran Inna.

Raƙumin Dawa, wanda tun farkon kakar wasa ba a ga haƙorinsa ba, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa yana dukan fili. Ɗan jaridar talabijin ya ga abin nema ya samu, ya matso da nasa abin maganar ya tambaye shi ko da gaske gado ne ya hana shi walwala. Raƙumi ya share hawaye ya ce gadonsa na gida lafiya lau. Wuyan da yake shafawa kuwa, waige ne ya gajiyar da shi, yana neman ƙwallon da ba mai miƙo masa. Ya nuna Sauro da yatsa.

"Wannan ɗan ƙaramin nake nema tun da na fara wasa. In Zakaru za su kawo mini shi, na fasa tafiya ko'ina."

Manajan Zakaru ya miƙe tsaye yana gyaɗa kai tun kafin a tambaye shi. Ɗan jarida ya juya ga Sauro, ya ce an ji a baya ya ƙi, to yanzu fa? A cikin katifa Koci ya daina motsi. Yana jin komai, kuma a karon nan ya gane abin da yake ji.

Sauro ya yi magana a hankali. "Da na ce ba zan je ba saboda iyali. Amma Baba ya gaya wa duniya zamana a nan da rashinsa duk ɗaya. Ni kuma ba a koya mini musu da babba ba. Zan je."

Koci ya yi ta ihu daga ciki cewa dabara ce, dabara ce kawai, amma wani ya riga ya zare wayar lasifikarsa. Sai da aka nemo injin yanka daga shagon wani mai walda, abokin hamayyarsa na bayan kasuwa, aka fito da shi. Lokacin zaure ya watse, sai masu shara da Mai Kemis da ke jiran tagoginsa.

Musaya dai an yi ta, kamar yadda Koci ya yi alkawari. Zakaru suka ɗauki Sauro, suka riƙe Raƙuminsu, suka turo wa ƙungiyar gida wasu zaratan 'yan benci biyu waɗanda har yau ba a tabbatar sun taɓa riƙe ƙwallo ba. Kyaftin yana nan da gwiwoyinsa. Gardama ta mutu a shagon Mai Aski, don masu so da masu ƙi duk sun haɗu a kan mutum ɗaya, wato Koci, wanda ya daina bi ta wannan titin.

Koci ya sauke girman kai ya shiga gidan surukinsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi bayanin ƙafar farko da ta biyu, ya rantse bai nufi ko kalma ɗaya ba, ya ce a idonsa duk ƙasar nan ba ɗan wasa kamarsa. Sauro ya saurara a durƙushe har ya gama, ya ce ba komai Baba, Allah Ya bar zumunci. Amma ya riga ya sa hannu, akwatuna kuma suna jere a bakin ƙofa.

Ranar tafiya da safe mota ta tsaya a ƙofar gida, aka loda kaya. Maƙwabta suka fito sallama, har da Mai Aski, wanda ya tsaya nesa kaɗan da hannuwa a baya. Auta ta rungume Inna, ta durƙusa wa ubanta, ta shiga ba ta ɗago kai ba. Gimbiya tana murna an sa mata sabon takalmi, ta ɗauka yawo za a je a dawo. Ta leƙo ta taga ta matsa gefe, ta daddaɓa kujera.

"Kaka, shigo mana, ga wuri."

Da ƙyar Koci ya ce mata su je, yana nan tafe. Mota ta tashi, yarinyar tana ɗaga hannu har suka sha kwana. Shi kuma ya tsaya a tsakiyar titi yana murza idanu da bayan hannu. Da ya ga mutane suna kallonsa, sai ya gyara murya ya ce tartsatsin walda ne ya faɗa masa a ido, ya addabe shi tun asuba.

Ba wanda ya yi dariya. Inna ta zo ta kama hannun rigarsa.

"Baban Auta, rabonka da kunna injin nan tun ranar wasa. Shigo ciki ka yi kukanka, ni ma yanzu zan fara nawa."